LAFIYAR SHUGABA DA LISSAFIN KUJERU: WAIWAYE KAN MUHAWARAR TSIGEWA DAGA 1981 ZUWA 2010

1.0 GABATARWA

Duk wanda ya biyo hanyar Dutsin-ma daga birnin Katsina ya shigo ƙasar Batagarawa, ba zai yi nisa ba sai ya ga jami'ar da ke ɗauke da sunan marigayi Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa, wadda aka kafa a 2006 yana Gwamnan Jihar Katsina, aka sa mata sunansa a 2009 yana Shugaban Ƙasa. Saboda haka ya dace mu da ke nan mu waiwayi muhawarar da ta dabaibaye mulkinsa tun kafin a rantsar da shi har ranar da Allah ya karɓi abinsa, watau muhawara kan ko lafiyarsa za ta iya ɗaukar nauyin ƙasa, da ko za a iya tsige shi, da kuma abin da hakan zai jawo wa jam'iyyarsa.

Manufar wannan takarda ita ce ta ɗora wannan muhawara kusa da wata da ta riga ta, watau tsige Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa a 1981, sa'ad da Katsina take cikin tsohuwar Jihar Kaduna. Abin da nake so in nuna shi ne, a duka lokutan biyu jama'a sun yi ta gardama a kan cancantar shugaba, amma waɗanda wuƙa da nama ke hannunsu sun yanke hukunci ne bisa yawan kujerun da kowace jam'iyya take da su a majalisa, da kuma hasashen zaɓe mai zuwa.

2.0 TSOHUWAR TAMBAYA

Tambayar abin da za a yi da sarkin da ƙarfinsa ya ƙare tsohuwa ce a ƙasar Katsina. A cikin labaran baka da Turawan mulki irin su Palmer suka tattara, an ce a zamanin da, idan sarki ya tsufa ko ciwo ya kayar da shi, akwai wani mai sarauta da ake kira Karya-giwa wanda aikinsa shi ne ya gama da shi, sa'an nan a zaɓi wani. Ko an ɗauki wannan a matsayin tarihi ko a matsayin hikaya, yana nuna cewa mutanen da sun ɗauki lafiyar sarki a matsayin lafiyar ƙasa, kuma sun ga wajibi ne a san wanda zai ce giwa ta gaza.

Tsarin mulkin 1979, wanda muka aro samfurinsa daga Amurka, da na 1999 da ya gaje shi, sun yi ƙoƙarin amsa wannan tambaya a rubuce. A tsarin mulkin 1999 akwai ƙofofi uku. Sashe na 143 ya yi magana kan tsige shugaba saboda babban laifi: sai kashi ɗaya cikin uku na 'yan Majalisar Tarayya sun sa hannu a takardar tuhuma, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa sun yarda a yi bincike, Alƙalin Alƙalan ƙasa ya naɗa kwamitin mutum bakwai, sa'an nan kashi biyu cikin uku su sake amincewa da rahoton kwamitin. Sashe na 144 ya shafi gazawa ta rashin lafiya: a nan Majalisar Zartarwa ce, watau ministocin da shugaban ya naɗa da kansa, za ta fara cewa ya gaza da rinjayen kashi biyu cikin uku, sa'an nan likitoci biyar, cikinsu har da likitan shugaban, su tabbatar. Sashe na 145 kuwa ya ce idan shugaba ya aike wa majalisa wasiƙa cewa zai tafi hutu ko ba zai iya aiki ba, mataimakinsa zai riƙe. A lura, kowace ƙofa cikin ukun nan mabuɗinta yana hannun 'yan siyasa.

3.0 KADUNA, 1979 ZUWA 1981

Zaɓen 1979 ya haifar da wani abu da masu rubuta tsarin mulki ba su yi masa tanadi ba. Jama'ar Jihar Kaduna sun zaɓi Balarabe Musa na jam'iyyar PRP ya zama Gwamna, ya kayar da Alhaji Lawal Kaita na NPN, amma a majalisar dokoki mai kujeru 99 NPN ta sami 64, PRP kuwa 16 kawai, sauran suka rabu tsakanin GNPP da NPP da UPN. Kashi biyu cikin uku na 99 shi ne 66. Ke nan tun ranar 1 ga Oktoba, 1979 da aka rantsar da Gwamna, tazarar da ke tsakaninsa da tsigewa ƙuri'a biyu ce.

Ga magoya bayansa, Balarabe Musa mutum ne mai gaskiya wanda ya soke haraji da jangali, ya ɗauke wa talaka nauyin da ya daɗe yana nishi a ƙarƙashinsa. Ga abokan hamayyarsa kuwa mutum ne mai taurin kai wanda bai san sulhu ba, wanda kuma ya zo ya rushe martabar sarakuna. Majalisa ta yi ta mayar masa da jerin sunayen kwamishinoninsa, shi kuma ya ƙi ya sa 'yan NPN a ciki, har ya yi wata ashirin da wani abu yana mulki ba kwamishina ko ɗaya. A lokacin kuma gidansa na siyasa ya tsage gida biyu, 'yan taɓo da ke tare da Malam Aminu Kano da 'yan santsi da suka haɗa da shi da Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi na Kano. Idan bango ya tsage, an san abin da ƙadangare ke samu.

Bisa sashe na 170 na tsarin mulkin 1979, Kakakin majalisa ne ke naɗa kwamitin bincike, kuma ƙaramin sashe na 10 ya hana kotu shiga maganar. Watau masu tuhuma su ne ke zaɓen masu bincike, su ne kuma ke yanke hukunci, ba ɗaukaka ƙara. NPN ta sami ƙarin ƙuri'un da take bukata, aka tsige Gwamna ranar 23 ga Yuni, 1981. Da ya kai kuka kotu, sai kotu ta ce doka ta ɗaure mata hannu.

Wannan rigima ta Katsinawa ce fiye da yadda ake tunawa. Kakakin da ya jagoranci tsigewar, Alhaji Mamman Abubakar Ɗanmusa, Bakatsine ne. Wanda aka kayar a 1979, Lawal Kaita, Bakatsine ne. Mataimakin Gwamnan da ya gaji kujerar, Alhaji Abba Musa Rimi, Bakatsine ne. Dokta Yusufu Bala Usman, masanin tarihin Katsina wanda ya riƙe muƙamin Sakataren Gwamnatin jihar a mulkin PRP, mutumin Musawa ne. Daɗin daɗawa, cikin matasan PRP na lokacin akwai wani malamin kimiyyar sinadarai mai suna Umaru Musa 'Yar'aduwa, alhali mahaifinsa, Mutawallin Katsina Musa 'Yar'aduwa, jigo ne a NPN. Rigimar ta ratsa har cikin gidaje.

Me NPN ta samu? Ta ci kujerar Gwamna a 1983, Lawal Kaita ya hau a watan Oktoba, ranar 31 ga Disamba soja suka kifar da Jamhuriya ta Biyu baki ɗaya. Ba za a ce tsige Balarabe Musa ne ya kawo juyin mulki ba, amma yana cikin abubuwan da suka sa talaka ya daina ganin majalisa a matsayin gidan adalci, har ya rasa dalilin kare ta ranar da aka rufe ta.

4.0 SABON SHUGABA, 2007

Bayan shekara 26, matashin nan na PRP ya zama Shugaban Ƙasa a jam'iyyar PDP. Gardamar cancantarsa ta tsaya a kan ƙafa uku.

Ta farko ita ce lafiya. An san ya yi jinyar ciwon ƙoda a Jamus yana Gwamna. Da PDP ta tsayar da shi a Disamba, 2006 da goyon bayan Shugaba Olusegun Obasanjo, abokan hamayya suka fara tambaya, shi kuma ya ƙalubalanci masu shakka su zo su kara da shi a wasan sikwash. A watan Maris, 2007, ana tsakiyar yaƙin neman zaɓe, aka garzaya da shi Jamus, jita-jitar rasuwarsa ta game ƙasa, har Obasanjo ya buga masa waya a gaban taron jama'a domin a ji muryarsa.

Ta biyu ita ce halaccin zaɓen kansa. A zaɓen 21 ga Afrilu, 2007 an ba shi ƙuri'a fiye da miliyan 24, Janar Muhammadu Buhari na ANPP sama da miliyan 6, Alhaji Atiku Abubakar na AC sama da miliyan 2, kuma masu sa ido na ciki da na waje sun yi tir da yadda aka gudanar da shi. Shi da kansa, a jawabin rantsuwa na 29 ga Mayu, ya yarda cewa zaɓen yana da naƙasa, ya kafa kwamitin gyara a ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammadu Lawal Uwais. Sai ranar 12 ga Disamba, 2008 Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi, a ƙarar Buhari da rinjayen alƙalai huɗu a kan uku.

Ta uku ita ce salon aikinsa. Jaridun Ikko sun laƙaba masa suna mai nufin mai tafiyar hawainiya. Magoya bayansa suka ce tafiya sannu-sannu kwana nesa: ga shi ya bayyana dukiyarsa ga jama'a, ga shi yana bin umurnin kotu, ga afuwar da ya yi wa tsagerun Neja Delta a 2009 ta maido da haƙar mai. Masu suka kuwa suka ce ciwo ne ake yi wa ado da sunan natsuwa. Gwamnati ba ta taimaki kanta ba, domin maimakon ta yi bayani a fili sai ta riƙa fushi da masu tambaya. A Satumba, 2008 an rufe gidan talabijin na Channels na ɗan lokaci saboda ya watsa labarin cewa shugaban zai iya yin murabus.

Duk da wannan hayaniya, wanda ya iya lissafi ya san ba inda maganar tsigewa za ta je. Ana bukatar sanatoci 73 cikin 109 da wakilai 240 cikin 360, alhali PDP ita kaɗai tana da sanatoci fiye da 80 da wakilai fiye da 250. Ko a Agusta, 2002, lokacin da Majalisar Wakilai ƙarƙashin Ghali Umar Na'abba ta ba Obasanjo mako biyu ya sauka, maganar a sulhu ta ƙare. An tsige gwamnoni biyar tsakanin Disamba, 2005 da Nuwamba, 2006, wasu da 'yan majalisar da ba su kai adadin doka ba, har kotu ta maido da uku daga cikinsu. Amma waɗannan gwamnoni ne da suka rasa kariyar masu ƙarfi. Shugaban da jam'iyyarsa ke riƙe da majalisa wani abu ne dabam.

5.0 KWANA SABA'IN DA TAKWAS

Ranar 23 ga Nuwamba, 2009 aka tafi da Shugaba 'Yar'aduwa asibiti a Jidda. Likitansa ya ce kumburin fatar da ta lulluɓe zuciya ne. Ba a aike wa majalisa wasiƙar da sashe na 145 ya ambata ba, saboda haka Mataimakin Shugaba, Goodluck Jonathan, bai zama muƙaddashi ba. Ƙasa ta zauna ba mai sa hannu. Da wa'adin Alƙalin Alƙalai Idris Legbo Kutigi ya cika a ƙarshen Disamba, shi ne ya rantsar da magajinsa, Aloysius Katsina-Alu, aikin da bisa al'ada shugaban ƙasa ke yi.

A nan ƙofofin nan uku suka nuna aibinsu. Sashe na 143 laifi yake nema, ciwo kuwa ba laifi ba ne, sai dai a ce ƙin aika wasiƙa ne laifin, kuma Ministan Shari'a Michael Aondoakaa ya tsaya a kan cewa wasiƙar ba tilas ba ce. Sashe na 144 yana hannun ministoci, waɗanda suka san cewa ranar da suka ce maigida ya gaza, ranar kujerunsu suka fara girgiza. Ko da Babbar Kotun Tarayya ta ba su kwana 14 a watan Janairu, 2010 su yanke shawara, sai suka fito suka ce shugaban yana da ikon ci gaba da aiki, alhali ba su gan shi ba. Sashe na 145 kuwa yana jiran sa hannun mutumin da ke kwance.

Bayan wannan duka akwai lissafin jam'iyya. PDP tana da fahimtar karɓa-karɓa tsakanin Kudu da Arewa. Kudu ta yi shekara takwas da Obasanjo, Arewa na sa ran tata takwas har 2015. Idan Jonathan ya hau, wa zai sauko da shi a 2011? Wannan tambaya ce ta sa 'yan siyasar Arewa da yawa suka yi shiru ko suka yi ta jan ƙafa, ita ce kuma ta sa wasu na Kudu suka matsa. Akwai kuma waɗanda suka yi magana don kishin tsarin mulki kawai, daga ɓangarorin biyu. Ga mu Katsinawa abin ya fi ciwo, domin kowace kalma da aka faɗa a kan gazawar shugaba a kan ɗan'uwanmu ne da ke kan gadon asibiti, kuma tarbiyyarmu ba ta yarda a yi gardamar gado mai shi yana numfashi ba. Wannan kunya gaskiya ce, amma wasu sun fake da ita sun ci kasuwarsu.

Ranar 12 ga Janairu, 2010 gidan rediyon BBC ya watsa wata gajeriyar hira da shugaban ta waya, yana cewa yana samun sauƙi kuma zai dawo idan likitoci sun sallame shi. A ranar ce Wole Soyinka da wasu suka yi jerin gwano a Abuja. A farkon Fabrairu Ministar Watsa Labarai Dora Akunyili ta fasa ƙwai a Majalisar Zartarwa, ta nemi a miƙa mulki. Gwamnoni, ƙarƙashin shugabancin Bukola Saraki, suka goyi bayan a yi hakan. Ranar 9 ga Fabrairu, kwana 78 da tafiyarsa, Majalisar Dattawa ta David Mark da ta Wakilai ta Dimeji Bankole suka ɗauki hirar BBC a madadin wasiƙa, suka mai da Jonathan muƙaddashi bisa abin da suka kira ƙa'idar larura.

Malamanmu na fiƙihu sun san wannan ƙa'ida, cewa larura tana halatta abin da aka hana. Amma sun san sharaɗinta kuma: sai idan halattacciyar hanya ta toshe. A nan hanyoyin suna nan a rubuce, waɗanda ke riƙe da mabuɗi ne suka ƙi buɗewa. Abin da majalisa ta yi ya ceci ƙasa daga ruɗani, watakila ma daga soja, sai dai ya ceci PDP kuma daga jefa ƙuri'ar da za ta raba ta gida biyu a bainar jama'a. An dawo da shugaban Abuja cikin dare ranar 24 ga Fabrairu, jama'a ba su sake ganinsa ba. Ya rasu ranar 5 ga Mayu, 2010, aka yi masa sutura a Katsina washegari. Allah ya jiƙansa.

6.0 MAKOMAR JAM'IYYA

A 2008 shugaban PDP na ƙasa, Vincent Ogbulafor, ya yi kurarin cewa jam'iyyarsa za ta mulki Nijeriya shekara 60. A Maris, 2010 ya ce mulki zai zauna a Arewa har 2015. Kafin ƙarshen Mayu ya bar kujerarsa. A Janairu, 2011 Jonathan ya kayar da Atiku Abubakar a zaɓen fid da gwani, ya kuma ci zaɓen Afrilu, amma yawancin jihohin Arewa, har da Katsina, suka bi Buhari da sabuwar jam'iyyarsa ta CPC, kuma tarzomar da ta biyo baya ta ci rayuka ɗaruruwa. A 2013 aka kafa APC, gwamnonin PDP biyar suka koma cikinta a watan Nuwamba. A 2015 PDP ta rasa shugabancin ƙasa bayan shekara 16, ta rasa Jihar Katsina ga Aminu Bello Masari. Dalilan faɗuwarta suna da yawa, daga matsalar tsaro zuwa zargin almundahana, amma tsagewar ta faro ne daga tambayar da ta ƙi amsawa a fili a lokacin ciwon shugabanta.

7.0 KAMMALAWA

Idan muka haɗa labaran biyu za mu ga abu ɗaya. A 1981 masu rinjaye sun cire mutum mai cikakkiyar lafiya domin suna da adadin da za su iya. A 2010 masu rinjaye sun kasa taɓa maganar mutumin da ciwo ya kwantar domin lissafinsu bai yarda ba. A duka biyun jam'iyyar ta sami biyan bukatar ranar, ta biya bashin daga baya.

An yi gyara bayan kowane darasi. Tsarin mulkin 1999 ya karɓe naɗin kwamitin bincike daga hannun Kakaki ya ba Babban Alƙali, kuma a shari'ar Gwamna Rashidi Ladoja a 2006 Kotun Ƙoli ta nuna cewa kotu za ta duba ko an bi ƙa'ida. A 2010 an gyara sashe na 145: idan shugaba bai aiko da wasiƙa cikin kwana 21 ba, majalisa za ta iya naɗa muƙaddashi da rinjaye mai sauƙi. Amurka ma ta bi wannan hanya. Shugaba Woodrow Wilson ya sami shanyewar ɓarin jiki a 1919 aka ɓoye halin da yake ciki, sai a 1967 suka yi gyara na 25 ga tsarin mulkinsu. Amma sashe na 144 yana nan yadda yake, mabuɗinsa a hannun waɗanda shugaba ya naɗa.

Saboda haka ina kira ga malaman tarihi da na shari'a da ke wannan zaure da mu ɗauki abu biyu. Na farko, mu tattara shaidar waɗanda suka zauna a majalisar Kaduna ta 1979, waɗanda da yawansu mutanen wannan jiha ne, da ta waɗanda suka yi aiki da marigayi 'Yar'aduwa, tun ba su ƙare ba. Na biyu, mu yi nazarin yadda za a fid da hukuncin lafiyar shugaba daga hannun masu cin moriyar amsar, a kai shi hannun da ba ya jiran muƙami ko tsoron rasa shi. Wanda ya ɗauki amanar jama'a yana da haƙƙin a rufa masa asiri a jinyarsa, jama'a kuma suna da haƙƙin su san wanda ke sa hannu da sunansu. Aikinmu ne mu nemo inda haƙƙoƙin biyu za su zauna tare.

Allah ya sa mu dace, amin.